Yadda Ake Saka wa Hilux Manyan Tayoyin Daji a Kan Rim Ɗinta na Asali

Mai a-kori-kura da ke shiga ƙauye da damina, ko yake keta yashi da rani, abu biyu yake nema: cikin mota ya ƙara nisa da ƙasa, taya kuma ta kama laka. Ana iya samun duka biyun ba tare da an sayi sabon rim ba. Sai dai rim ɗin da mota ta zo da shi yana da iyakar tayar da zai riƙe, ramin da ƙafar mota ke juyawa a ciki shi ma yana da tasa iyakar. Yawancin asarar da ake yi a wannan aiki daga sayen taya kafin awo take fitowa. Za a yi misali da Toyota Hilux ƙirar 2016 zuwa sama, wadda ta zo da taya 265/65R17 a kan rim mai faɗin inci 7.5, amma lissafin ɗaya ne ga Navara da Ranger da L200 da D-Max.

Kayan da za ka tanada

- Tef ɗin awo mai milimita, da alli fari
- Jak mai ɗaukar tan 3, da ƙarafan tokare guda biyu
- Weji biyu, ko gutsattsarin katako masu kauri
- Sifanar taya mai lamba 21
- Sifana mai awon ɗauri, irin wadda ke yin ƙara idan noti ya kai
- Gejin iska naka na kanka, da famfon iska mai aiki da batirin mota
- Burushin waya, ruwan sabulu, sababbin bawul guda biyar
- Wuƙa mai kaifi, tocila, da robobin ɗaure waya
- Mai faci da ke da injin cire taya da injin balansi

Idan babu ƙarafan tokare, jera katako mai kauri a ƙarƙashin shasi. Bulo ba ya cikin lissafi, yana farfashewa ba tare da ya ba da alama ba. Sifanar awo kuwa, idan ba ka da ita, ka ara a garejin da ke gyaran inji, domin da ita suke ɗaure kan silinda.

1. Karanta abin da ke jikin motar

A gefen tayarka za ka ga 265/65R17. Lamba ta farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, wato kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne da inci. Bayansu akwai wata lamba da harafi, kamar 112S: 112 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120, S kuma gudun kilomita 180 a awa.

Rim shi ma yana da nasa rubutun, galibi a bayansa, don haka sai ka kwance ƙafa ɗaya ka juya ta. Za ka ga 17x7.5J, wato girman inci 17 da faɗin inci 7.5, sannan ET da wata lamba, a wannan motar 30. Lambar ET tana faɗin yadda rim ya shige ciki: idan ta yi yawa, taya tana matsowa kusa da ƙarafan ƙafa. Kada ka dogara da abin da dillali ya faɗa maka, ko abin da ke kan motar maƙwabci. Hilux ɗin aiki da yawa suna zuwa da rim na ƙarfe mai faɗin inci 6 kacal, ɗauke da 225/70R17 ko 205R16C, kuma hukuncinsu daban ne. Duba kuma takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ka rubuta iskar da kamfani ya ƙayyade.

2. Yi lissafin tsayi

Ninka faɗi da kason gefe, ka ninka amsar sau biyu, sannan ka haɗa da girman rim da milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka rim 17 ya zama 431.8, rim 16 kuma 406.4.

Tayar asali 265/65R17 tana ba da milimita 776. Taya 265/70R17 tana ba da 803. Taya 285/70R17 tana ba da 831.

Abin da cikin mota ke ƙaruwa da shi rabin bambancin ne kawai, saboda rabin tayar ne ke ƙarƙashin aksul. Wato 265/70 za ta ɗaga ka milimita 13, 285/70 kuma milimita 27. Ga ido kaɗan ne, amma wannan ne kaɗai tsayin da ke ɗaga tulun aksul na baya. Ƙara wa mota sifirin ko doguwar shoka yana ɗaga jiki da shasi, aksul kuwa yana nan inda yake, kuma shi ne ke fara sauka a kan tudun tsakiya idan manyan motoci sun haƙa hanya.

3. Daidaita taya da faɗin rim

Kowane girman taya yana da faɗin rim da aka yarda ya zauna a kai. 265/70R17 tana son inci 7 zuwa 8.5, don haka rim na 7.5 ya yi mata daidai. 285/70R17 tana farawa ne daga inci 7.5 zuwa 9, ma'ana rim ɗinka yana bakin gaɓa. Za ta hau, amma gefenta zai kumbura, fuskarta ta ɗan lanƙwashe, tsakiya ta riga gefe cinyewa idan ba a kula da iska ba.

Mai rim na inci 6 ya cire 265 da 285 daga ransa gaba ɗaya. Taya mai faɗi a kan siririn rim tana kwanciya a kwana, mota ta riƙa lilo, kuma da lodi abin yana zama haɗari na gaske. Idan rim ɗin 16x6 ne, akwai 235/85R16, siririya doguwa, mai tsayin milimita 806, wadda ta yarda da inci 6. Sai dai ka sani daga 205R16C zuwa wannan tsallen kusan kashi 10 cikin ɗari ne, injin zai ji a jikinsa.

Ra'ayina a nan a fili yake: a kan rim na asali, 265/70R17 ce zaɓin mai hankali. Tsayi ake nema, ba faɗi ba. A laka mai ƙasa tauri a ƙarƙashi, siririyar taya tana yankawa ta isa wurin kamu. A yashi kuma abin da ke hana nutsewa rage iska ne, wanda ke tsawaita sawun taya, kuma doguwar taya ta fi ba da wannan damar.

4. Auna ramin taya kafin ka fitar da kuɗi

Ajiye mota a wuri madaidaici. Murɗa sitiyari har ƙarshe zuwa dama, ka haska tocila, ka auna tazarar da ke tsakanin taya da waɗannan wurare: robar kare laka da ke bayan tayar gaba, robar da ta lulluɓe cikin ramin, leɓen bamba na ƙasa, kunnen shasi da jikin mota ke zaune a kai a bayan tayar gaba, da kuma hannun ƙafa na sama, wato ƙarfen da ke riƙe kan boljoyin. Maimaita da sitiyari a hagu, sannan a rabin murɗawa, domin sau da yawa a nan kafaɗar taya ta fi kusantar kunnen shasi.

Daga kowace tazara cire abin da sabuwar tayar za ta ci. Ga 265/70, milimita 13 ta gaba da baya da sama. Ga 285/70, milimita 27 ta waɗannan ɓangarori, da ƙarin milimita 10 ta ciki da ta waje. Abin da ya rage bai kamata ya gaza milimita 15 ba, saboda taya tana motsi: birki yana tura ta baya, rami yana tura ta sama, laka kuma tana manne mata. Tayoyin daji suna da kafaɗa mai kusurwa da haƙora a gefe, don haka biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban suna iya bambanta da 'yan milimita. Wannan bambancin ne ke raba mai gogawa da marar gogawa.

5. Zaɓi irin tayar

Iri biyu ne a kasuwa. Mai alamar A/T ta kwalta da burji da yashi ce, kuma ita ce ta dace da motar da ke yin rabin rayuwarta a kan titi. Mai alamar M/T tana da manyan haƙora masu tazara da ke zubar da laka, ta yi wa mai shiga fadama, amma tana da ƙugi a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma birkinta a jiƙaƙƙen titi bai kai na ɗayar ba.

Lambar lodi kada ta gaza ta asali. Idan 112 ka cire, 112 ko sama za ka saka. Tayar da lambarta ta fara da LT tana da gefe mai kauri da ke jure kututture da ƙaya da dutse, kuma LT265/70R17 yawanci 121/118 ce, kilo 1,450 kowace ɗaya. Farashin wannan ƙarfi shi ne nauyi da tauri: mota ba lodi za ta riƙa tsalle a gargada. Ƙarfin taya kuma ba ya ƙara wa aksul da sifirin abin da za su ɗauka.

Nemi rubutun DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Tayar da ta daɗe a shago tana shan zafi, robarta ta bushe ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Idan ta hannu za ka saya saboda ƙarfin aljihu, sa a cire ta daga rim ka shafa cikinta: faci a gefe, kumburi, tsagewa tsakanin haƙora, ko waya da ta leƙo a baki, duk ɗaya daga cikinsu ya isa ka bar ta. Sayi biyar, iri ɗaya, girma ɗaya. Dalilin na biyar yana zuwa.

6. Gwada guda ɗaya tukuna

Yi yarjejeniya da mai shago cewa za a hau da taya ɗaya a gwada a ƙafar gaba kafin a biya sauran. Sauke motar daga jak, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kana kallo. Zura yatsu tsakanin gefen taya da hannun ƙafa na sama. Idan yatsa ba ya shiga, wannan girman bai dace da wannan rim ba, kuma gara ka sani yanzu.

7. Hawar da taya kan rim

Ja birkin hannu, saka giya, sa weji a ƙafar da ba za a ɗaga ba. Sassauta notina rabin juyi tun mota na ƙasa, sannan ka ɗaga ta shasi, ka tokare.

Bayan an cire tsohuwar taya, a goge bakin rim da burushin waya har tsatsa da tsohuwar roba su fita, domin nan iska ke zurarewa a hankali. A duba ko rim ya lotsa ko ya tsage. A sauya bawul, kuɗinsa kaɗan ne. A shafa wa bakin taya ruwan sabulu, ba baƙin mai ko giris ba, saboda suna cin roba kuma suna sa taya ta zame a kan rim idan an taka birki.

Idan akwai kibiya a gefen taya, ta nuna inda ƙafa ke juyawa in mota na tafiya gaba. Idan an rubuta OUTSIDE, wannan fuskar ce ta waje. Ɗigon rawaya a gefen taya a saita shi da bawul, yana rage yawan dalmar balansi.

Wajen hura iska don baki ya zauna, kada a wuce 40 psi a geji (psi shi ne ma'aunin iskar taya). Idan bai zauna ba, a sace iskar, a ƙara sabulu, a sake. Babbar taya a kan siririn rim ba ta cika wahalar zama ba, amma in ta ƙi, a ɗaure tsakiyarta da igiyar lodi don bakinta ya buɗe. Dabarar zuba fetur a kunna wuta kada ka yarda a yi ta a motarka, tana kashe mutane. Idan an gama, duba siririn layin da ke zagaye gefen taya kusa da rim: tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina.

Inda babu injin cire taya, mai faci zai yi da ƙarafa. Rim na ƙarfe yana jurewa, na alminiyom kuwa sai an sa roba ko tsumma a inda ƙarfe ke cizo.

8. Balansi

Tayar daji tana da nauyi, kuma ba a raba robarta daidai kamar ta ƙaramar mota. A yi wa duka biyar. Idan injin ya nemi dalma fiye da giram 150 a ƙafa ɗaya, kada a lafta kawai. A sace iska, a juya tayar rabin zagaye a kan rim, a sake gwadawa. Alamar balansi bai yi ba ita ce sitiyari na rawa a gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa.

9. Ɗaure notina

Goge fuskar da rim ke zama a kai. Kada a sa wa zaren mai. Fara kowane noti da hannu, sannan ka ɗaure a tsallake, ɗaya da kishiyarsa, ba bi da bi ba. Sauke mota, ka ƙarasa da sifanar awo. A wannan Hilux awon 105 N·m ne, wata motar kuma ka duba littafinta. Yaron gareji da ke saka bututu a sifana ya hau kai yana miƙa ƙusoshin ne, wata rana su karye a hanya. Notin rim na alminiyom na Toyota mai wosha ne, na rim na ƙarfe kuma mai tsini, ba a musanya su. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, sake bi da sifanar.

10. Nemo inda take gogawa

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci. Shafa alli a duk wuraren da ka auna a mataki na 4. Yi ribas da sitiyari a ƙarshe, dama da hagu, domin ribas ne ke fara tona gogawa. Sannan nemi kwalbati ko tudu, ka hau da ƙafar gaba ɗaya har sifirin ya matse, ka murɗa sitiyari a hankali wani yana kallo daga gefe, ba daga gaban mota ba. Yi wa ɗaya ɓangaren haka. Sa lodin da ka saba ɗauka ka duba na baya. Duk inda alli ya goge, nan ne.

Idan robar kare laka ce, cire ta ko ka yanke gefenta na ciki. Idan robar cikin rami ce, ɗumama ta da ruwan zafi ko na'urar hura zafi, ka tura ta baya, ka huda ka ɗaure da robar waya. Kafin wuƙa ta taɓa ta, leƙa bayanta, akwai wayoyin fitila da na birkin ABS a wurin. Leɓen bamba a yanke kaɗan-kaɗan, milimita 10 a lokaci guda, ana gwadawa. Da 265/70R17 gyaran ba ya cika wuce waɗannan.

Idan ƙarfe take taɓawa, magana ta sauya. Gogar hannun ƙafa na sama tana yanka gefen taya, inda ba a faci. Wasu suna saka faifan tazara tsakanin rim da ƙafa don turo taya waje. Yana magance wannan, amma yana faɗaɗa zagayen da taya ke yi in an murɗa sitiyari, sai ta koma cin kunnen shasi, boris kuma ya ɗauki ƙarin wahala. Wanda ya nace, ya nemi irin da ake ɗaurewa da nasa notina, mai ramin tsakiya milimita 106.1 daidai da na motar. Siririn faifai da ake zurawa kawai yana cinye zaren, alhali noti yana buƙatar aƙalla juyi 8 cikakku. Yanke kunnen shasi kuwa taɓa ƙashin mota ne. In abin ya kai nan, mayar da tayar a ba ka ƙarama ya fi.

Kada kuma a ruɗe ka da cewa ɗaga mota inci biyu zai kawar da gogawa. Yana rage ta a tafiyar yau da kullum, amma ranar da ƙafa ta faɗa rami sifirin ya matse har ƙarshe, taya za ta koma daidai inda take kaiwa tun farko.

11. Alaimen

Kai mota a saita ƙafafun gaba a kan inji. Faɗa wa mai aikin cewa ka ƙara girman taya, ka roƙi ya tura ƙafa gaba gwargwadon abin da awon kamfani ya yarda, ta notinan saiti da ke hannun ƙafa na ƙasa. 'Yan milimitan da za a samu sukan isa su raba taya da kunnen shasi. A duba boljoyin da tayarod da boris a lokacin, saboda taya mai nauyi tana saurin ƙarasa wanda ya fara lalacewa.

12. Iska

Lambar da ke gefen taya, kamar 80 psi a wasu masu LT, iyaka ce, ba iskar tafiya ba. Fara da abin da ke jikin ƙofa. Idan LT ka saka, tana buƙatar iska fiye da tayar asali don ɗaukar nauyi ɗaya, don haka fara daga 36 zuwa 38. Auna da safe kafin mota ta motsa. Ja layin alli mai kauri a faɗin fuskar taya, ka yi tafiyar mita 50 a miƙe a kan kwalta. Idan tsakiya kaɗai ya goge, iska ta yi yawa, rage 2 ka sake. Idan gefuna ne suka goge, ƙara. Da lodi, ƙara wa na baya kamar yadda takardar ƙofa ta nuna.

A burji mai gargada, 26 zuwa 28 yana sauƙaƙa jijjiga, muddin gudunka bai wuce kilomita 80 a awa ba. A yashi mai laushi sauka zuwa 18 ko 20, ka tafi a hankali, ban da murɗa sitiyari da ƙarfi. Ƙasa da 15 baki yana iya ɓallewa daga rim. Da ka hau kwalta, tsaya ka mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska a titi mai zafi da gudu tana dahuwa daga ciki, kuma haka ake samun fashewa.

13. Safaya

Giyar ƙafa huɗu ta Hilux tana kulle gaba da baya su juya tare. Idan ƙafa ɗaya ta fi sauran ƙanƙanta, giyoyin suna ja-in-ja, na'urar ABS ita ma tana rikicewa. Shi ya sa ake sayen biyar. Ɗaga safayar zuwa mazauninta a ƙarƙashin bodi tun kana shago, ka tabbatar ba ta taɓa salansa ko ƙarfen jan tirela ba. Idan dole ta sa ka yi amfani da tsohuwar ƙaramar safaya, ka tafi a giyar ƙafa biyu, a hankali, zuwa wurin mai faci mafi kusa. Gwada jak ɗin motar ma, ka ga ko yana ɗagawa har sabuwar tayar ta bar ƙasa. In bai kai ba, ajiye katako mai faɗi a mota, zai kuma yi maka amfani a yashi.

14. Abin da zai sauya a tuƙi

Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da yadda ya saba: kusan kashi 3.4 cikin ɗari da 265/70, kusan kashi 7 da 285/70. Gwada shi da manhajar GPS a waya a kan miƙaƙƙen titi, ka riƙe bambancin a ka. Mitar kilomita ita ma tana rage lissafi, don haka wajen auna shan mai ninka kilomitan da 1.034 ko 1.07 kafin ka raba, haka ma wajen ƙidayar lokacin juyen mai. Mota za ta ɗan yi nauyin tashi, a hawa da lodi za ka riƙa sauka giya da wuri, kada ka bar kuloci ya biya bashin. Birki yana buƙatar ƙarin tazara, kuma tunda mota ta ƙara tsayi, rage gudu a kwana.

Juya tayoyin gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, musamman M/T da haƙoranta ke cinyewa a karkace. Bayan kowace shiga laka, wanke cikin rim da ruwa mai ƙarfi, domin busasshiyar laka a ciki tana ɓata balansi kamar an cire dalma. A makon farko kuma sake leƙa ramin gaba da tocila: wurin da roba ta yi sheƙi ko fenti ya goge yana nuna gogawar da gwajin alli bai kama ba, sai ka koma mataki na 10 ka gyara wurin.